Jakin da Makirfo Bai Ji Ba

Lokacin da na koma Kankia da zama, bayan shekarun da na yi ina aiki a wani ɗan situdiyo a Katsina, na dawo da akwati guda cike da makirfo da wayoyi, da kuma wani ciwo da aikin ya sa mini: na daina iya sauraron mutum ba tare da na saurari ɗakin da yake ciki ba. Ana yi mini sannu da zuwa, ni kuwa ina jin yadda muryar mai gaisuwar ke dukan bangon siminti tana dawowa. Liman na huɗuba, ni ina jin haushin wanda ya kafa lasifika a bayan makirfo har take ta kuka. Aikinmu a situdiyon bai wuce tallar magani da ta makarantu, da waƙoƙin biki, da karatun malamai ba, amma a gida an ɗauke ni kamar wanda ya gina gidan rediyo da hannunsa. Ban yi gaggawar gyara musu wannan fahimta ba.

A gidanmu akwai wata gardama da ta girme ni. Mahaifina, wanda kowa ke kira Alhaji, ya yi rayuwarsa yana koyarwa a Islamiyya, kuma a wurinsa kakansu da ya fara kafa gidanmu a Mawashi babban malami ne, ya zo da littattafai a kan raƙuma. Ƙanensa, Baffa, wanda ya zauna a gidan gado yana noma da ɗan kiwo, ya rantse cewa mutumin da garken shanu ya zo, garken da in ya doshi rafi sai mata sun kwashe wanki. Babu wanda ya taɓa ganin kakan nan a cikinsu. Duk Sallah sai an tayar da zancen, a rabu kowa na kaɗa kai yana tausayin ɗan'uwansa.

Ni ne na kawo shawarar a ɗauki maganarsu a ajiye saboda na baya. Na faɗi haka da irin muryar da nake ji ma'aikatan rediyo na yi. Alhaji ya amince nan take, don ya tabbata duk wanda ya saurara zai gane mai gaskiya. Baffa ma ya amince, saboda wannan dalilin dai.

Alhaji ya so a yi a falonsa na Kankia, wanda ya sa wa tayil da silin, kuma yake alfahari da shi. Na tsaya a tsakiyar falon na tafa hannu sau ɗaya. Tafin ya je ya dawo da wata 'yar ƙara a bayansa, kamar an buga kwano.

"Wa kake kira?" in ji Alhaji.

"Ɗakin nake saurare, Baba."

"Me ya ce maka?"

Na yi masa bayani cewa siminti da tayil ba sa shan murya, maido ta suke yi, makirfo kuma ba ya da kara irin ta kunnen mutum, duk abin da ya dawo sai ya kwasa. Ga shi damina ce, in ruwa ya sauko a kan kwanon rufi to an tashi. Na ce tsohon zauren Mawashi ya fi, mai bangon ƙasa da rufin azara, don ƙasa na haɗiye amsa-kuwwa. Alhaji ya dube ni. Ya ce ya yi shekaru yana wahala don ya fitar da mu daga ɗakin ƙasa, ashe karatun da ya ba ni ƙarshensa ke nan, in mayar da shi. Duk da haka ranar da aka sa ya saka babbar riga, muka kama hanyar Kusada zuwa Mawashi, gero ya kai gwiwa a gonaki hagu da dama.

Kafin ranar, na kwana biyu ina tunanin makirfon da zan yi aiki da shi. Akwai danamik, irin na masu wa'azi, mai jure wahala, wanda abin da ke gabansa kawai yake ji, kuma sai an matso da baki. Amma mai kyau ɗaya gare ni, kuma na san mutanena: duk wanda ya fara riƙe shi ba zai miƙa wa ɗan'uwansa ba sai la'asar. Akwai mai ji ta kowane ɓangare, wanda zai kwaso su duka, ya haɗa da kaji, da turmin maƙwabta, da duk babur ɗin da ya wuce. Sai na tsaya a kan kondensa, wanda na fi ji da shi, mai kunne kamar na ɓarawo. Yana da ɗan maɓalli a jikinsa. In ka murɗa shi zuwa alamar lamba takwas, sai ya riƙa jin gabansa da bayansa daidai wa daida, gefensa biyu kuwa ya kurumce. Na ga babu abin da ya fi wannan adalci. In kafa shi a tsakiya, Alhaji ta nan, Baffa ta can, kowa da kunnensa.

Da muka isa sai muka tarar da Gwaggo, yayarsu su biyun, ta zo daga Bauranya inda ta yi aure kuma ta ci gaba da zama bayan rasuwar mijinta. Ƙaramar tsohuwa ce, ba ta da yawan magana, amma in ta dubi Alhaji sai ya gyara hularsa. Ta tsaya a ƙofar zauren ta cikin gida da faifan zogale a hannu tana kallon yadda nake shimfiɗa wayoyi.

"Wanga aiki naku, ina zan zauna da ba zan ɓata muku shi ba?"

Na ji daɗin tambayar. Na auna da ido, na shimfiɗa mata tabarma daidai gefen makirfon, wajen ƙofar, inda na riga na juya kurman gefensa don ya tare hayaniyar cikin gida.

"Nan, Gwaggo. Nan ko tari kika yi ba zai ji ba."

"Madalla," in ji ta, ta zauna ta fara tsinkar zogalenta.

Na zaunar da su fuska da fuska, na ce kowa ya bar tazarar taƙi guda tsakanin bakinsa da makirfo. Na sa wa makirfon soso saboda iskar baki. Na roƙi Alhaji ya ajiye carbi, don ƙwayoyinsa na shigowa kamar ana zuba tsakuwa a kwalba. Na roƙi Baffa ya tofar da goro. Kowa ya gwada murya, na daidaita ta yadda ba za ta fashe ba in gardama ta yi zafi, na toshe kunnuwana da hedfon, na ɗaga hannu.

Alhaji ya fara, don shi ne babba. Ban taɓa jin muryar mahaifina da kyau haka ba. Zauren ya yi abin da na ce zai yi. Murya ta fito tsaf, ba amo, ba jela. Ya kawo raƙuman tun daga arewa, ya sauke su a bakin gari, mutane suka fito tarya. Yana cikin lissafa littattafan sai ya tsaya cak, ya dubi gefe, ya yi gyaran murya, ya ce, "To, wannan kuma wata ruwaya ce," ya ci gaba. Baffa ya karɓa. Shi kuma duk gargaɗin da na yi bai hana shi sunkuyowa har gemunsa na shafar soson ba, kuma irin wannan makirfo in ka matse shi sai ya ƙara wa murya kauri. Baffa da ke magana kamar yana kiran akuya sai ga shi a kunnena da murya irin ta mai gari. Ya kora shanunsa har bakin rafi, sannan shi ma ya tsaya, ya dubi gefe, ya ce, "Ai Yaya, ba a nan take ba."

Sai a lokacin na waiwaya. Bakin Gwaggo na motsi, idonta na kan faifai. Na zame hedfon daga kunne ɗaya.

"Jaki ɗaya ne," take cewa, a hankali, kamar mai faɗin farashin gishiri. "Shi ma gurgu."

Na mayar da hedfon ɗin na saurara. Babu komai sai wani ɗan motsi can nesa, kamar sauro a wani ɗaki. Makirfon ya yi aikinsa daidai yadda masu ƙera shi suka yi alkawari. Da a falon Alhaji ne, da muryarta ta bugi tayil ta zagayo ta shiga ta gaba ko ta baya. Zauren ƙasar da na sha wahalar kawo su shi ne ya haɗiye ta.

Na miƙa hannu zan juya makirfon, Alhaji ya watso mini wani kallo. Gwaggo ma ta ɗaga hannu ba tare da ta dube ni ba, alamar in bar kayana yadda suke. Haka aka ci gaba. Alhaji ya ce kakan ya gina masallaci, bakin Gwaggo ya motsa, Alhaji ya ce, "Ko da yake wasu sun ce rumfa ce." Baffa ya ce shi ya haƙa rijiyar ƙofar gida, bakin Gwaggo ya motsa, Baffa ya ce, "To, ya dai taimaka." Ni kuma ina zaune da kunne ɗaya a cikin tarihi, ɗaya a waje.

Da suka gama na ce ina roƙon kowa ya yi shiru na ɗan lokaci, zan ɗauki shirun ɗakin. Baffa ya tambayi me ake yi da shiru. Na ce kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma in an zo gyara, an yanke wani wuri, da shi ake cike gurbin don kada a ji tabo. Suka zauna tsit, dattawa biyu cikin manyan riguna, suna kallon ƙarfe. Can nesa wata kurciya na kuka. Da na sauke hannu, Gwaggo ta kakkaɓe zaninta ta miƙe.

"Wanga na ƙarshe dai ka adana shi da kyau," in ji ta. "Ban ji kuskure a ciki ba."

A Kankia na zauna gaban kwamfuta na saurari abin da na ɗauko. Muryoyi biyu masu kwarjini, da ramuka a tsakaninsu inda masu maganar ke tsayawa suna ja da baya ba tare da an ji wanda ya ture su ba. Na ƙara ƙarfin sauti a ramukan har ƙarshe. Abin da ya taso sai shuuu, da wani abu mai kama da "gurgu" in ka riga ka san shi kake nema. Alhaji ya zo ya tsaya a kaina ya saurara. Ya ce aiki ya yi kyau, sai dai waɗannan tsaye-tsayen da "wasu sun ce" ɗin suna sa mutum ya zama kamar bai san abin da yake faɗa ba, ko akwai yadda za a yi da su? Na ce akwai. Na yanke su, na cike da shirun zaure. Ko ni da na yi ɗinkin ban iya gane wurin ba.

Amma jakin ya tsaya mini a rai. Bayan 'yan kwanaki na hau babur na nufi Bauranya da ƙaramin makirfo, irin wanda ake maƙalawa a wuyan riga. Bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kuma yana ji ta kowane ɓangare, ba shi da gefen da za a ɓuya. Na lissafa cewa tsohuwa za ta manta da shi ta saki baki. Na sani Gwaggo ce kaɗai ta tashi a hannun kakarsu, matar mai jakin, wadda ta yi tsawon rai, kuma a ɗakinta ta kwana har aka yi mata aure.

Na yi kuskuren aika saƙo kafin in zo. Na tarar ta ci ado da sabuwar atamfa mai sitaci, wadda in ta ja numfashi sai in ji a hedfon kamar ana yaga buhu. Na roƙe ta ta yafa tsohon mayafi mai laushi, na maƙala makirfon a jikinsa, na kai ta ɗakinta inda katifa da tulin kaya ke shan amo. Komai ya daidaita. Har 'yan awarwaronta na sa ta cire.

"Wa da wa za su ji wanga abu?" ta tambaya.

"Kowa, Gwaggo. Jikoki, da na Kano, da na Abuja, har waɗanda ba a haifa ba."

"Surukai fa?"

"Har su."

Ta gyara zama, ta miƙe wuya. Da na ɗaga hannu sai wata murya ta fito daga bakinta wadda ban taɓa sanin tana da ita ba, irin ta masu aika gaisuwa a rediyo. Ta yi sallama ga dukkan masu saurare na kusa da na nesa. Ta yi wa shugabanni addu'a. Sannan ta ce kakansu, Allah ya jiƙansa, malami ne babba kuma mai dukiya, ya zo da ilimi ya zo da dabbobi, kuma duk abin da ƙannenta biyu suka faɗa haka yake, babu ragi.

Na tsayar da rikoda. "Gwaggo, jakin fa?"

"Wane jaki?"

"Gurgun."

"Ban san shi ba. Kunna abinka in ƙarasa."

Na kunna. Ta ƙarasa da fatan damina mai albarka. Wannan ita ce ɗauka mafi tsabta da na taɓa yi a rayuwata. Ba iska, ba amo, ba ƙara, kowane harafi a zaune.

Sai da na cire makirfon, na naɗe wayarsa, na rufe jaka, ta tabbatar na ɗora jakar a kan babur, sannan ta kawo mini fura ta zauna a inuwar darbejiya, ta koma Gwaggon da na sani.

"Kai yaro ne," in ji ta, ko da yake a lokacin ina da 'ya'ya uku. "Abin da zan faɗa musu a zaure daban, abin da zan faɗa wa duniya daban. Ni na goye su duka biyu. In tsaya gaban surukai in ce ƙannena masu gemu ba su san kakansu ba?"

Daga nan ta ba ni labarin. Mutumin fataucin kanwa yake yi, shi kaɗai da jakinsa, daga arewa. Jakin ya gurɗe a ƙafa daidai faɗuwar damina, tafiya ta gagara, ya nemi masauki a wani gida a Mawashi, ya ce zai taya noma har jakin ya warke. Bai iya riƙon fartanya ba. 'Yar gidan, wadda ke kai abinci gona, ta riƙa tsayawa a bakin kunya tana yi masa dariya har sai ta riƙe ciki, kuma ita ce kakarsu. Jakin ya warke kafin kaka, amma mutumin ya riƙa cewa har yanzu yana ɗingishi. Kowa a garin ya ga jakin na tsalle, ba wanda ya ce komai. Karatunsa ya isa ya ja salla in liman ya yi tafiya. Saniya ɗaya ce a gidan, ta matar ce, uwarta ta ba ta. Ya ƙi sayar da jakin har ya tsufa ya daina aiki, yana ba shi dusa yana yi masa hira da yamma, kuma ranar da jakin ya mutu bai ci tuwo ba. Kakarsu, in ji Gwaggo, har ta tsufa ba ta iya ba da labarin noman nan nasa ba tare da hawayen dariya sun zubo mata ba.

Ina saurare, hannuna ya sulale cikin aljihu inda wayata take. Makirfon waya ba abin kirki ba ne, amma a wannan tazarar zai wadatar.

"Fito da hannunka," in ji Gwaggo, ba ta ko katse labarin sosai ba. Na fito da shi.

Abin da na ɗauka kuwa ya yi tafiyar da ban zata ba. Na haɗa na zaure da na Bauranya na tura wa dangi, daga waya zuwa waya har ya kai wurin mutanen da ban san muna da zumunci da su ba. Aka yi ta kirana ana sa mini albarka. Alhaji da Baffa suka zauna suka saurare shi tare, kowa ya ji yadda muryar ɗan'uwansa ta yi nauyi, ga kuma Yaya da bakinta ta gaskata su duka. Gardamar shekara da shekaru ta mutu a wannan zama. Kafin Sallar da ta biyo baya sun daidaita a kan cewa littattafan a kan shanun aka ɗoro su, raƙuman kuma na rakiya ne.

A wani taron suna a Kankia na ji wani ɗan'uwanmu, ma'aikaci a Abuja, ya durƙusa gaban Gwaggo yana ba ta labarin kakan, da raƙuman da adadinsu ya ƙaru a hanya. Ya ce ba ji-ta-ji-ta ba ce, akwai shi a ɗauke, ƙwararre ne ya ɗauka, ya nuna ni. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Gwaggo ta saurare shi har ƙarshe, ta ce, "Ikon Allah. Allah ya jiƙan maza."

Da mutane suka ragu na matsa kusa da ita. Na ce abin yana damuna, labarin gaskiyar ya fi nasu daɗi, kuma in ta tafi da shi shi ke nan. Na ce ba zan sa mata makirfo ba, amma ko za ta yarda in rubuta?

Ta juyo ta dube ni. "A takarda?"

"A takarda."

"Mai tsawo?"

"Da ɗan tsawo."

Ta yi tunani kaɗan, tana kallon tsakar gida, inda dangi ke zaune rukuni-rukuni kowa da waya a hannu.

"Rubuta mana," in ji ta. "Wa zai karanta a gidan nan?"

Sannan ta miƙo mini kwanon waina ta ce in kai wa Alhaji tun da zafinta, in kuma gaya masa ya rage sukari a shayi.